Ƙofar Manya

"Yau ce rana ta ƙarshe da zan shigo asibitin nan da ƙafata," in ji Ƙarfe. "Zuwa na gaba, ɗauko ni za a yi."

"To Allah ya taimaki masu ɗauka," in ji matarsa. "Matsa, ka danne mini mayafi."

Ƙarfe ya matsa, bencin ya yi ƙara. Mai walda ne, ƙato, abokan sana'a suka laƙaba masa wannan suna saboda shi kaɗai yake saɓa ƙyauren gareji a kafaɗa ya tsallaka titi da shi. Yanzu kuwa ga shi zaune a zauren jiran likita, yatsu biyu a wuyan hannu, yana bin bugun zuciyarsa, leɓe na motsi. Matar tasa Lauya ake ce mata a unguwa. Ko ƙofar kotu ba ta sani ba, amma ba a taɓa jin wanda ya ja magana da ita ya tashi da riba ba.

Abin ya samo asali ne tun cikin damina. Yana can saman ƙafar tankin ruwa yana walda, zuciyarsa ta buga dam, kamar an jefa guduma cikin ganga. Ƙirji ya ɗaure, numfashi ya ƙi shiga, yatsu suka mutu, gumi ya keto masa. Da ƙyar ya sauko yana kalmar shahada. Kafin a kai shi asibiti abin ya wuce kamar ba a yi ba. Daga nan kuwa ciwon ya gane hanya. Ya same shi a kasuwa, ya same shi a cikin mota, ya same shi da loma a hannu. Ƙarfe ya daina hawa sama, ya daina hawa babur, daga baya ma ya daina buɗe shago.

An ɗebi jininsa har ya roƙi a bar masa na komawa gida. An ɗauki hoton ƙirji, an manna masa wayoyi an auna zuciya. An ba shi maganin zazzaɓi, an ba shi na taifot, an ba shi na olsa. Kowane gwaji ya fito sai ya ce lafiyarsa lau, shi kuwa duk sanda aka ce masa lafiyarsa lau, ji yake kamar an zagi iyayensa.

Shi ya sa ya yanke shawara. Ya gama magana da dillali, yau bayan la'asar za a kawo mai saye: shago, injin walda, janareto, har kujerar da yake zama a kai. Wai ya bar wa yara abin riƙewa kafin ta Allah ta kasance. Lauya ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kai ƙara wajen yayansa, duk a banza. Ta san shagon nan shi ne tukunyarsu. Ta kuma san yadda dillali ke taya kayan mutumin da ya faɗa da bakinsa cewa mutuwa zai yi. Da ƙyar da jiɓin goshi ta samu ya yarda su sake zuwa asibiti kafin a miƙa mukulli. Daga yanzu zuwa la'asar, nan ne iyakar filinta.

"Ɗan gida ya iso!" in ji Sista mai awon jini da layi ya zo kansu. Wata jibgegiyar mata ce da tabarau a tsinin hanci, ta daɗe a teburin nan har fentinsa ya koɗe a inda take ɗora gwiwar hannu. "Oga Ƙarfe, yau da wacce ka zo mana? Mutuwar safe ko ta rana?"

"Sista, ki auna kawai."

Ta naɗa masa ƙyallen a damtse, da ƙyar ya zagaye. Ta matsa, ta matsa, ta leƙa ta saman tabarau.

"Jinin ɗan dambe. Ni mai aunawa na fi ka hawan jini." Ta juyo wajen Lauya, ta rage murya daidai yadda duk layin zai ji. "'Yar uwa, in gaya miki gaskiya? Shagwaɓa ce. In kuma ba ita ba ce, to iska ce ta shafe shi, ki nemi mai addu'a. Irinsu sun cika mana benci. Mutum garau da shi ya zo ya tare wa masu ciwon gaske hanya."

Lauya ta buɗe baki, ta tuna ba wannan yaƙin ya kawo ta ba, ta rufe. Sista ba ta san irin rijiyar da ta tsallake ba.

Likitan da suka samu matashi ne, idanunsa sun faɗa don gajiya. Ya juya fayil ɗin Ƙarfe, wanda ya yi kauri har ana iya matashin kai da shi.

"Malam, zuciyarka ta fi tawa lafiya."

"To me ya sa take neman fita ta bakina?"

Likita ya buɗe baki. Ya dubi damtsen Ƙarfe, ya dubi wuyansa, ya dubi nisan da ke tsakaninsa da ƙofa. Ya rufe baki, ya ja biro.

"Ka ci gaba da na olsa."

Lauya ta ga buɗewar bakin, ta ga rufewarsa. Suna fita ta tura mijin layin karɓar magani, can ta bayan gini, ta ce ta manta jakarta. Ta koma ta tura ƙofa ba sallama, jakar tana rataye a kafaɗarta.

"Likita, maganar da ka haɗiye ɗazu, ita na dawo ka tofo mini."

Ya yi dariyar yaƙe. "Hajiya, akwai mutane a layi."

"Sun saba. Ina jin ka."

Ya leƙa bayanta ya tabbata ƙaton ba ya nan. "Ina kyautata zaton ciwon fargaba ne. Jiki ne ke firgita alhali babu abin firgita. Ba fannina ba ne, amma muna da likitarsa. Tana ɗakin ƙarshe, mai koriyar ƙofa."

"Ɗakin mahaukata?"

"Kin ji ko? Ke ma kin faɗa. Ba sunansa ke nan ba, amma haka kowa ke kiransa, har ma'aikata. Bara na ce wa wani mahauci ya je can. Rigar da na sa ranar, yanzu da ita ake goge tebur a gidanmu. Tun daga nan muka koyi hankali. Mu rubuta na olsa, mutum ya tafi, ya dawo, mu sake rubutawa. Kin kuwa ga damtsen mijinki?"

"Kusa da shi nake kwana. Ana warkewa?"

"Sosai ma, in an je."

"Shi ke nan."

Ta fito ta tsaya tana nazarin ɗakin ƙarshe. Wanda ya zana asibitin nan ko dai mugu ne ko bai san mutane ba, don koriyar ƙofar tana fuskantar zauren gaba ɗaya, kamar allon talabijin. Zauren cike yake maƙil. Mai goyo tsaye, mai sanda tsaye, wani da ƙafa a naɗe ya jingina da bango yana cije baki. Amma dogon bencin da ke gaban koriyar ƙofa wayam yake, ƙura ta kwanta a kansa lafiya lau. Mutum ya gwammace ƙafarsa ta kumbura da a ce an gan shi a kai.

Lauya ta gyara mayafi ta nufi wurin. Hira ta ɗauke ɗif.

"Allah sarki," wata ta ce a bayanta. "Ga ta kuwa kamar mai hankali."

A ciki ta tarar da wata 'yar siririyar mata cikin farar riga tana ɓare lemo, fanka na juyawa a kan kujerun da babu kowa.

"Bayi yana hannun hagu," in ji matar, ba ta ko ɗago ba.

"Ba bayi nake nema ba. Likita nake nema."

Matar ta ajiye lemon da sauri kamar wadda aka yi wa albishir. Lauya ta zauna ta fara ba da labari, amma ba ta yi nisa ba likitar ta karɓe.

"Farat ɗaya yake zuwa, ya hau, ya hau, ya sauka da kansa?"

"Haka ne."

"Kullum hannunsa na kan jijiya? Ya daina zuwa duk inda abin ya taɓa kama shi?"

Lauya ta ja kujera baya. "Ke kin san shi ne?"

"Na san 'yan uwansa. Da yawansu suna wajen nan suna jiran maganin olsa. Kawo mini shi."

"Ta wannan ƙofar? Ko da igiya aka ɗaure shi." Idon Lauya ya zagaya ɗakin, ya tsaya a kan wata 'yar ƙofa a bayan kabad. "Waccan fa, ina ta nufa?"

"Ta ma'aikata ce. Tana fita bayan ɗakin wanki, inda ake shanya zannuwan gado." Likitar ta dube ta da kyau. "Hajiya, na ga abin da ke yawo a idonki. Ni ba zan yi masa ƙarya ba. Yana zama zan gaya masa ko ni wace ce."

"Ke riƙe gaskiyarki, likita. Ƙaryar ni zan ɗauka, na saba da kaya. Ke dai zare sakata."

Ta sami Ƙarfe a layin magani ya yi aboki, wani dattijo tsohon direba, suna gwada ciwo kamar masu gwada agogo. Dattijon yana cewa nasa har kunne yake toshewa, Ƙarfe yana cewa ai wannan somin taɓi ne. Lauya ta ja hannun rigarsa gefe.

"Baban yara, na samo hanya."

"Hanyar me?"

"Yi a hankali. Akwai wata babbar likita a asibitin nan. Ba ta da layi, ba ta da kati. Ba kowa take gani ba, sai manya. Ta baya ake shiga."

Fuskar Ƙarfe ta washe, rabon da ta ga haka tun kafin damina.

"Na faɗa miki! Ban faɗa miki ba? Dama na san akwai inda ake duba mutane da gaske, mu aka bar mu da yaran likitoci! Babbar likita, ta baya?"

"Rufe bakinka!"

Amma raɗar mutumin da ya yi rayuwarsa tsakanin janareto da injin yankan ƙarfe ba raɗa ba ce, shela ce. Kuma duk wanda ya daɗe yana zaryar asibiti ya san abu guda: abin kirki ba ta ƙofar gaba yake bi ba. In ka ga an ja wani gefe ana magana ƙasa-ƙasa, ka bi shi, tambaya daga baya.

Suka zagaya ta bayan ɗakin wanki, suka kutsa cikin fararen zannuwa masu ɗigar ruwa. Lauya ta ji takun ƙafa ya fi na mutum biyu. Ta waiga. Tsohon direba ne, yana dogara sanda. A bayansa wata mai sayar da gwanjo, wadda ta shekara tana gaya wa likitoci wani abu na yawo a jikinta. A bayanta wani malamin makaranta rungume da kwalbar maganin ciki. A bayansa kuma wasu, da wasu, har kwanar gini, kowa ya ɗaure fuska kamar hanyar gidansu ce.

"Ku kuma ina zuwa?"

"Shan iska," in ji mai gwanjo.

"A cikin wanki?"

"Ta nan ta fi sanyi."

Ƙarfe ya juya ya buɗe hannuwa ya tare hanya. "Kowa ya shaida, ni ne na farko. Matata ce ta samo hanyar. Wanda ya tsallake ni, ni da shi ne. Baba, kai ne na biyu, na tsaya maka."

Lauya ta dafe kai. Ta yi shirin ɓoye mutum ɗaya, ga shi ta jawo gari. Ba lokacin gyara. Ta ƙwanƙwasa, ta tura shi ciki, ta mai da sakata.

Ƙarfe ya zauna yana gyara wuyan riga, yana kallon fanka da labule da kujerun da ba a rubuta wa lamba ba. Ya yi wa matarsa wani kallo mai cewa, kin gani, wajen manya daban ne.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji likitar. "Kafin komai, ka san inda kake. Ni likitar ƙwaƙwalwa ce. Ina duba masu damuwa, da masu fargaba, da sauransu. Waccan ƙofar da ka ba baya, ita ce koriyar."

Ƙarfe ya waiga a hankali. Ta ciki ma koriya ce.

Ya miƙe, kujerar ta faɗi. "Ni? Ni za ki kawo ɗakin mahaukata? Da raina da hankalina?"

"Ka ce ran ya kusa ƙarewa," in ji Lauya. "Na ce bari a duba hankalin kafin ya bi shi."

Ya yi wajen koriyar ƙofa, ya kama mariƙi.

"Bismillah, fita," ta ce. "Zauren cike yake. Har matar mai fenti na gani, maƙwabcin shagonka, ga ta can a layin gaba da wayarta a hannu."

Ya saki mariƙin kamar ya taɓa wuta. Ya juya ya nufi ƙofar baya. Kafin ya kai, muryar tsohon direba ta ratso katako.

"Oga Ƙarfe, a taimaka a yi sauri! Manya na jira!"

Gaba kura, baya sayaki. Ƙarfe ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya dubi wannan ƙofa, ya dubi waccan. Sai gudumar ta faɗa cikin ganga.

Ya dafe ƙirji. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, numfashi ya koma guntu-guntu. Ya zube a kan gadon gwaji yana lalubar hannun matarsa.

"Ga ta nan. Lauya, ga mutuwar nan. Yara... ki ce wa yaya..."

Lauya ta damƙe hannunsa. Sau nawa ta ga abin, amma har yau ba ta saba ba. Ta dubi likitar tana jiran a yi gudu, a kira mutane, a kawo allura. Likitar ta tako a natse, ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, ta saurari ƙirjinsa, ta jawo kujera ta zauna daidai fuskarsa.

"Malam, kalle ni. Iska na shiga jikinka yadda ya kamata, ga shi ina gani. Yanzu yatsunka za su fara mutuwa."

"Sun fara!"

"Sai bakinka ya bushe. Sai ka ji ɗakin ya yi maka nisa, kamar a mafarki."

Ƙarfe ya zaro ido. "Ke kike turo shi?"

"Na dai san hanyarsa. Zai ƙara hawa kaɗan, daga nan ya gaji. Kada ka yi kokawa da shi. Saki numfashin a hankali, dogo, kamar kana hura wa ƙarfe mai zafi."

"Ba a... hura wa ƙarfe," in ji Ƙarfe da ƙyar. "A ruwa... ake tsomawa."

"To kamar kana hura shayi. Ga mai mutuwa yana gyara mini aiki. Hura."

Ya hura. Ta sa ya sake. Ta sa ya faɗa mata launin labule, da abin da ke kan tebur, da irin waldar da aka yi wa ƙafar gadon da yake kai. Ya leƙa ya ce wanda ya yi wannan aikin ya ci amanar asibiti. Kafin ya gama zagin mutumin, numfashi ya dawo, yatsu suka farka. Ya zauna jiƙe sharkaf, yana kallon ƙasa.

"Duk zuwan da yake yi maka," in ji likitar, "sau nawa ya kashe ka?"

Ƙarfe ya yi tunani. "Bai dai samu sa'a ba tukuna."

"Ba zai samu ba. An duba zuciyarka ta kowace fuska, lafiyarta ƙalau. Ka san irin motar nan da ke kururuwa in kyanwa ta hau kanta?"

"Ta maƙwabcinmu. Na sha rantsuwa sai na cire mata batir."

"Babu ɓarawo, amma kururuwar gaskiya ce, duk unguwa ta ji. Haka ciwonka yake. Ba ƙarya kake ba, ba shagwaɓa ba ce, ba hauka ba ne. Ƙararrawar jikinka ce ke tashi ba dalili. Kai kuma kana jin ta sai ka firgita, firgitar ta ƙara mata ƙarfi. Kafin ranar da ya fara kama ka a saman tanki, wani abu ya faru?"

"Babu."

Ta ƙura masa ido. Fanka na ta juyawa.

"Wani abokin aikina ne ya faɗo daga rufin sito," ya ce a ƙarshe, murya ƙasa. "Muna tare a sama. Yana ba ni labari, na juya in ɗauki abu, na juyo babu shi. Ni na ɗauke shi zuwa mota. Ya rayu, amma har yau a kwance yake."

Lauya ta dube shi. Ta san mutumin ya faɗo, har dubiya ta je. Ba ta san mijinta na saman rufin ba. Ranar ya dawo gida ya ci abinci, ya ce rana ta yi zafi, ya kwanta.

"Ana gyarawa?" ya tambaya.

"Ana gyarawa. Akwai magani, akwai kuma zama da ni, in koya maka yadda ake bi da shi. Ba yau ba ne, ba gobe ba, kuma zai sake leƙo ka kafin ya haƙura. Amma shago za ka koma. Hawa ma za ka koma, daga matakin tsani na ƙasa."

Ba ta rufe baki ba aka fara dukan ƙofar baya da tafin hannu.

"Wa ya buɗe reshen asibiti a wajen shanya?" Muryar Sista mai awon jini ce. "Labari ya iso har zaure, na ɗaga kai na ga rabin layina ya ɓace! Ku ba ni hanya!"

Likitar ta zare sakata ta tsaya a bakin ƙofa. Layin ya kai har wajen famfo, mutane tsakanin zannuwa, kowa na leƙen na gabansa. Ba ta taɓa ganin mutane haka a ƙofarta ba, ta gaba ko ta baya, sai da ta cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

"Jama'a, sannunku. Don kada wani ya ce an yaudare shi: wannan bayan ɗakin ƙarshe ne, mai koriyar ƙofa. Ni ce likitarsa."

Tsit. Ana jin ɗigar ruwa daga wanki.

Sai zannuwa suka fara motsi. Malamin makaranta ya tuna ya bar ɗalibai ba kowa. Wasu biyu suka duƙa suka bi ta ƙarƙashin igiya. Wani ya tsaya yana taɓa zanen gado yana cewa shi dama ingancin yadin ya zo gani.

"Wanda zuciyarsa ke bugawa ba dalili," likitar ta ci gaba, "ko barci ya ƙi saboda tunani, ko yake jin abu ya tokare masa wuya, ko ciki ya riƙa murɗawa duk sanda hankali ya tashi, an yi gwaji an ce babu komai, to akwai komai, kuma yana da magani. Wanda ya ga dama ya tsaya."

Tsohon direba bai motsa ba. Ya leƙa ciki ya hango Ƙarfe a bakin gado.

"Oga, kai fa ka ce wajen manya ne."

Duk idon da ya rage ya koma kan Ƙarfe. Har da na Lauya. Yana iya cewa shi ma yaudararsa aka yi, ya ture kowa ya wuce, daga nan sai wajen dillali.

Ƙarfe ya miƙe, ya cika ƙofar da faɗinsa. "To ni ƙarami ne? Baba, matar nan ta gaya mini ciwona tun bai iso ba. Tana faɗa yana zuwa, ta ce ya tafi ya tafi. Na ce kai ne na biyu, kuma ban janye ba. Shiga."

Dattijon ya dubi sandarsa, ya dubi likitar, ya ce to ai tunda an riga an jiƙe da ruwan wanki. Ya shiga. Mai gwanjo ta matso ta kama gurbinsa. Wasu 'yan kaɗan suka dawo daga bayan zannuwa suka jeru, kowa na kallon wani wuri daban.

Sista ba ta koma teburinta ba. Ta tsaya a ƙarshen layin, hannunta a maƙogwaro.

"Sista," in ji Lauya da murya mai zaƙi, "ke ma shan iskar ce?"

"Layi nake tsarewa."

"Allah sarki. Shagwaɓa ce, ko mai addu'a za a nemo?"

"Abin da ke shaƙe ni kullum in na doso get ɗin asibitin nan ba ruwan kowa da shi," in ji Sista. Ta cire tabarau ta sa a aljihu. "Ke kuma ki wuce, kin gama naki."

Suka fito ta cikin wanki, Ƙarfe riƙe da takardar sabon magani da ranar dawowa. Sai da suka kai inuwar wata bishiya kusa da wajen ajiye motoci ya tsaya.

"Ƙarya kika yi mini."

"Na yi."

"Babba."

"Daidai jikinka na yanka ta."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Wayarsa ta ɗauki ruri a aljihu. Ya ciro, suka ga sunan tare. Ya danna, muryar dillali ta fito har Lauya na ji.

"Oga Ƙarfe! Mun yi sammakon la'asar, ga mu a ƙofar shago. Mutumin ya zo har da motar kwasar kaya. A kawo mukulli!"

Lauya ta san mijinta: in ta ce kada ya sayar, sai ya sayar don kada a ce mace ta juya shi. Maganganu suka taru mata a baki kamar ruwa a bayan madatsa. Ta cusa gefen mayafi tsakanin haƙora ta danne.

Ya dubi tafin hannunsa, duk tabon tartsatsi. Ya kai yatsu biyu wajen jijiya, ya tsaya, ya sauke su.

"An ɗaga," ya ce.

"Cinikin?"

"Mutuwar."

"Haba Oga! Kai da bakinka ka ce ba za ka ga ƙarshen wata ba! Na riga na gaya wa mutumin, har ya yi maka addu'a!"

"Ka ba shi haƙuri. Ni ma haka labarin ya zo mini."

"To motar da ya ɗauko fa? Wahalata fa? Magana ai magana ce, Oga, ba a yi wa dillali haka. Sai dai mu zauna a yi ta a gaban mutane!"

"Gaskiyarka," in ji Ƙarfe. "Ga matata, ku ƙarasa."

Lauya ta tofar da mayafin, ta karɓi wayar da hannu biyu, ta gyara tsayuwa.

"Salamu alaikum, Malam dillali..."

Ƙit. Layin ya mutu.

"Kash," ta ce tana kallon wayar. "Ko farawa ban yi ba."